Yadda zaka ɗora tsohon filan da zanen gini a kan hoton tauraron ɗan'adam su zauna daidai

Kwanaki wani ƙanina da ke koyon aikin awon ƙasa ya same ni da laftof ɗinshi ranshi a ɓace, wai ya ɗora filan ɗin wasu fulotai na bayan garin Katsina ta hanyar Batsari a kan hoton sama, sai ga layin ya bi ta tsakiyar titi, rabin wani gida kuma ya faɗa gonar mutane. Shi a tunaninshi ko dai wanda ya yi awon tun shekarun baya ne ya kuskure, ko kuma mutane ne suka ci iyaka. Ko ɗaya babu. Filan lafiyarshi lau, hoton ma lafiyarshi lau, ma'aunin da kowanne ke magana da shi ne ba ɗaya ba. Toh shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin daga farko, don na san ba shi kaɗai bane, kuma irin wannan kuskuren in ya fita daga kwamfuta ya shiga bakin mutane sai ya zama rigimar fili tsakanin maƙwabta.

Ilimin da ke bayan wannan aikin sunanshi fotogiramitiri, a taƙaice awo ne daga hoto. Tun 1858 wani Bajamushe mai zanen gini, Albrecht Meydenbauer, ya kusa faɗowa yana awon babban cocin garin Wetzlar, daga nan ya fara tunanin me zai hana a auna gini daga hotonshi. Mu nan mun fi kowa buƙatar wannan ilimin, saboda ginin ƙasa kowace damina sai ya canza kama, ganuwar Katsina ma kowa na gani yadda take ƙarewa a hankali, abin da ba a auna aka aje ba gobe sai dai labari.

Mataki na farko, tun kafin ka buɗe wata manhaja: ka yanke wacece uwa

Abubuwa biyu zaka haɗa, dole ɗaya ya tsaya cak ɗayan ya matso ya same shi. Wanda ya tsaya shi nake kira uwa. In kana da awon ƙasa da aka yi da na'urar GNSS, wato babbar GPS ta masu safiyo, wadda ke ba da daidaito na 'yan santimita, toh ita ce uwa ba gardama, hoto da filan duk su bi ta. In babu, sai hoton sama mai kyau ya zama uwa, amma ka sani shi ma yana iya gocewa da 'yan mitoci daga gaskiyar ƙasa. GPS ɗin waya kuwa kar ka yi mashi wannan matsayin, a fili tsaf babu gini babu itace yana yawo tsakanin mita 3 zuwa 5, a lungunan cikin birni ya fi haka. Na nuna hanya ne, ba na kafa iyaka ba.

Mataki na biyu: ma'aunin da aka yi takardar da shi

Nan ne ƙanina ya faɗi, nan kuma mafi yawa ke faɗuwa. Tsofaffin taswirori da filan ɗin filaye a Najeriya an yi su ne a kan ma'aunin Minna, wanda ya ɗauki siffar duniya ta Clarke 1880, tushenshi wata alama ce da ake kira L40 a kusa da Minna. GPS da Google Earth kuwa WGS 84 suke amfani da shi. A yankinmu in ka ɗauki latitud da lonjitud na Minna ka zuba su kamar na WGS 84 ne, wurin zai goce da kusan mita 80, in kuma lambobin UTM ne, wato na gabas da arewa da ake ƙirgawa da mita, ka cakuɗa, gociyar ta haura mita 100. Fulotin ƙafa 50 da 100 ka ga ai ya bar unguwar layinshi gaba ɗaya.

Don haka ka duba gefen takardar da ƙasanta da kyau, yawanci ana rubuta ma'aunin a wurin. Ka riƙe waɗannan lambobin na EPSG, wato lambar da aka ba kowane ma'auni, zasu yi maka amfani a QGIS, manhajar taswira da zamu yi aikin da ita: 4263 Minna ne na latitud da lonjitud, 26332 Minna UTM shiyya ta 32, 32632 kuma WGS 84 UTM shiyya ta 32. Katsina tana kusan digiri 7 da minti 36 gabas, Daura kusan digiri 8 da minti 19, duk biyun sun faɗa shiyya ta 32 wadda ta fara daga digiri 6 zuwa 12. Akwai kuma tsarin bel uku na ƙasa, na yamma da na tsakiya da na gabas, mu muna na tsakiya, lambarshi 26392. Wani filan ɗin kuma ba Minna ba WGS, tushenshi wata alama ce ta gari da aka ba lamba aka fara ƙirga daga nan, irin wannan ba lambar EPSG da zata cece ka, sai dai turakun da zan yi bayani a ƙasa, ko ka je ofishin safiyo janar na jiha ka tambaya.

Wani abu kuma, hotunan Google da Bing da Esri da kake jawowa cikin QGIS ta ƙarin manhajar nan QuickMapServices suna zuwa ne a ma'auni mai lambar EPSG 3857. Wannan ma'aunin yana kumbura tsawo, a daidai latitud ɗinmu na digiri 13 mita 100 zata karanta kusan 102.6 in ka auna kai tsaye a kanshi. Ka saita aikinka a 32632 tun farko, hoton ya riƙa juyowa da kanshi.

Mataki na uku: hoton da ya dace da aikin

Hoton tauraron Sentinel-2 kyauta ne, amma kowane fiksel, wato ɗigon hoto ɗaya, mita 10 ne a ƙasa, Landsat 8 mita 30. NigeriaSat-2 da aka harba a 2011 an ƙera shi ne ya ba da mita 2.5 a baƙi da fari. Waɗannan sun isa ka ga yadda gari ya faɗaɗa ko ka daidaita taswirar 1:50,000, amma ɗaki mai mita 4 bai ma cika fiksel ɗaya na Sentinel ba, ina zaka ga kusurwarshi. Aikin fuloti da gini sai hoton da ke ƙasa da mita ɗaya, irin na WorldView-3 mai kusan santimita 31, ko hoton duron. Ka duba ranar da aka ɗauki hoton, a Google Earth Pro akwai agogon nan da ke nuna hotunan shekarun baya, ka zaɓi wanda ya fi kusa da shekarar filan ɗin in zai yiwu. Ni na fi son hoton bayan damina ko na rani da ba ƙura, don hazon hunturu yana dusashe gefen abubuwa, damina kuma ganyen darbejiya ya rufe rabin katangun.

Mataki na huɗu: sikanin

Kar ka ɗauki takarda da kyamarar waya in kana da yadda zaka yi. Waya tana karkata, gilashinta yana lanƙwasa gefe, ka ƙara ma kanka matsala a kan matsala. Ka kai ta inda ke da babbar na'urar sikanin, a yi a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci) ko sama, a aje a TIFF ko PNG. A 300 dpi fiksel ɗaya kusan 0.085 na milimita ne, wato a filan 1:1000 santimita 8.5 ke nan a ƙasa, ya wadatar. Takardar da ta shekara talatin a ninke cikin akwati ka shimfiɗa ta ƙarƙashin abu mai nauyi ta kwana tukuna, kuma ka sa a ranka cewa takarda tana shan danshi ta miƙe, ta bushe ta tsuke, ba lallai tsawo da faɗi su tsuke daidai ba.

Mataki na biyar: turaku, kuma nan ne aikin yake

Turke shi ne wurin da kake iya nunawa da yatsa a kan takardar, ka kuma nuna shi a kan uwa, ka rantse wuri ɗaya ne. A manhaja zaka ga an rubuta GCP. Duk sauran abin danne-danne ne, wannan kuwa ido ne da sanin gari.

Ka nemi abin da ke manne da ƙasa kuma baya motsi: bakin kwalbati, kusurwar gada, mahaɗar tituna biyu masu kwalta, tsakiyar shataletale, bikon ɗin siminti da safiyo ya binne in har ka tabbata ba a tone shi an mayar ba, gindin tsohuwar katangar bulo. Ka guji itace, ka guji bakin kududdufi da gefen rafi don suna ci suna cikewa, ka guji kwanar lungun ƙasa da kowace shekara wani ke ɗan turo katangarshi. Ƙofofin gari ma ka yi hattara da su, Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga da kake gani yau ginin zamani ne, an faɗaɗa titi an sake su, kar ka ɗauka ginshiƙin yau yana zaune daidai inda ƙofar ƙasa ta tsohuwar taswira take.

Babban abin da nake so ka riƙe: kar ka kafa turke a saman gini. Tauraron ɗan'adam ba kullum yake kallon ƙasa a tsaye ba, yawanci a ɗan karkace yake, don haka duk abu mai tsawo sai ya kwanta gefe a hoton. Lissafin mai sauƙi ne, tsawon abin sau tanjan (tan a kalkuleta) ɗin kusurwar karkatar. Ɗauki hasumiyar Gobarau mai kusan mita 15, in an ɗauke ta a karkace da digiri 20, kanta zai bayyana kusan mita 5 da rabi nesa da gindinta. Gidan bene mai mita 7 zai goce da mita 2 da rabi. Ka ga in ka danna kusurwar rufin kwano ka ce ita ce kusurwar fuloti, ka shigar da kuskuren da hannunka. Ka nemi gefen da gindin bango ke bayyana, inda bango ya haɗu da ƙasa, inuwa ma tana taimakawa don daga gindi take farawa.

Sai rarraba su. Ka taɓa ganin yadda ake shanya fata, ana ja ana kafe ta ta ko'ina a zagaye? In ka kafe gefe ɗaya kawai ɗayan gefen nannaɗewa zai yi. Haka takarda take. Kusurwa huɗu, tsakiyar kowane gefe, sannan ciki. Turaku goma da suka taru a bakin titi ɗaya basu kai biyar da suka zagaye takardar ba, waɗanda suka jeru a layi ɗaya kuwa kusan banza ne. In taswirar tana da layukan girid da lambobinsu a gefe, ka gode ma Allah, mahaɗar layukan nan su ne turakun da suka fi kowanne, ka rubuta lambobin kai tsaye a ma'aunin da aka buga taswirar.

Kuma ka ware uku ko huɗu a gefe kar ka saka su cikin lissafi. Su ne shaidu, anjima zamu kira su.

Mataki na shidda: cikin QGIS

Buɗe Georeferencer, wato ɓangaren QGIS da ke zaunar da takarda a wurinta, a sababbin fitowa tun daga 3.26 yana ƙarƙashin Layer, a tsofaffi yana ƙarƙashin Raster. Ɗora hoton takardar, danna alamar ƙara turke, zuƙo hoton sosai ka danna wurin, sai akwati ya fito, ko ka rubuta lambobin gabas da arewa da hannu ko ka zaɓi From Map Canvas ka je ka danna wurin a kan uwa. Ka kula gabas ce X arewa ce Y, ana yawan juya su.

Sai nau'in lissafi. Helmert yana matsarwa ya juya ya ƙara ko rage girma bai ɗaya, baya ɓata siffa, turaku 2 sun ishe shi. Polynomial 1 yana buƙatar 3, yana iya miƙa tsawo daban faɗi daban, shi ya fi dacewa da takardar da ta tsuke. Polynomial 2 sai da 6, na 3 sai da 10, waɗannan lanƙwasa takardar suke. Projective 4 yake so, na hoton da aka ɗauka a karkace ne. Thin Plate Spline kuma jan takardar yake kamar roba har kowane turke ya zauna daram. Waɗannan lambobin mafi ƙaranci ne, in ka tsaya a kansu manhajar zata nuna maka kuskure sifili, ba don aikin ya yi ba, don babu rarar da zata gwada da ita. Ka ninka aƙalla. Ni shawarata kullum ka fara da Helmert ko Polynomial 1, kar ka hau sama sai da dalilin da zaka iya faɗa da baki. Wajen sake jera fiksel, Cubic ya fi kyau ga hoto da rubutu, Nearest Neighbour kuma in kana so launukan asali su tsaya yadda suke.

Mataki na bakwai: karanta saura

Teburin da ke ƙasan Georeferencer zai nuna ma kowane turke yawan gociyarshi, shi nake kira saura, ka canza saitin ya nuna da mita maimakon fiksel. Nawa ne ya yi yawa? Sikelin takardar ke faɗa. Layin biro mai rabin milimita a 1:1000 rabin mita ne a ƙasa, a 1:50,000 kuwa mita 25 ne, don haka kar ka nemi taswirar 1:50,000 ta nuna maka iyakar gida, ba a yi ta don haka ba.

In turke ɗaya ya fita daban da sauran turakun, je ka duba shi, wataƙila ka danna wani kwalbatin daban ko an sake gina wurin. In ka gano dalili ka cire. Amma goge turaku ɗaya bayan ɗaya don kawai lambar ta sauko ta yi kyau a rahoto, wannan wallahi yaudarar kai ce, haka ma tsallakawa zuwa Polynomial 3 ko Thin Plate Spline don ka ga sifili. Tsakanin turakun da bayansu takardar na iya murɗewa ba ka sani ba. In kuma ka ga takardar duka ta goce gefe ɗaya a kan uwa da tsawo kusan ɗaya, koma mataki na biyu, ma'auni ne. Yanzu kira shaidun nan da ka ware, auna tazarar da ke tsakanin inda suka faɗo da inda ya kamata su kasance. Wannan lambar ita ce gaskiyar aikinka, ita zaka faɗa ma wanda ya ba ka aiki. Daga nan ka rage duhun takardar zuwa rabi ka bi tituna da ido daga wannan gefe zuwa wancan.

Zanen gini kuma fa

Shi nashi daban ne. Zanen manhajar AutoCAD yawanci da milimita ake yinshi, tushenshi sifili da sifili a wata kusurwa, bai san inda yake a duniya ba. In ka jawo fayil ɗin zanen, wato DXF, ka ga ya ɓace ko ya rufe jiha guda, raka'a ce, ka ninka da 0.001 ya koma mita. Kibiyar arewa da ke jikin zane kar ka dogara da ita sosai, sau da yawa kimantawa aka yi. A AutoCAD umarnin ALIGN zai yi maka da maki biyu, a QGIS ma Georeferencer na yanzu yana karɓar zanen layi. Helmert kaɗai zaka yi amfani da shi a nan, don kusurwar da aka zana digiri 90 dole ta tsaya 90, in ma ka amince da awon zanen toh girman da lissafi ya fitar ya kamata ya zo dab da 1, in ya zo 1.05 akwai magana.

Ka tuna zane niyya ce, gini kuma abin da magini ya yi ne. Mai gida ya ce a ƙara ɗaki, an matsar da katanga don a kauce ma rijiya, ba wanda ya koma ya gyara takarda. Sannan filan yana nuna bango ne, hoton sama yana nuna rufi, lemar kwano kuma ta zarce bango ta kowane gefe. Ka je wurin da tef ka auna bango biyu uku, rabin awa ce.

Hoton fuskar gini da zanen fuskarshi

In bangon shafaffe ne miƙaƙƙe kamar na bulo, abin da sauƙi. Manna alamomi aƙalla shidda a jikinshi, takarda mai baƙi da fari ta isa, auna tazararsu a kwance da a tsaye, tsaya nesa ka ɗauka kana fuskantar bangon sosai, kar ka yi amfani da kyamarar nan mai faɗin gani ta waya don tana lanƙwasa layi. Sai ka yi Projective, hoton ya miƙe ya hau kan zanen. Amma shafi ɗaya kawai yake gyarawa, duk abin da ya turo gaba ko ya shige ciki, indararo, baranda, zurfin ƙofa, zai fito a goce.

Ginin ƙasa irin namu kuwa bai yarda da wannan ba. Bangon zaure gindinshi kauri ne yana sirancewa zuwa sama, ga zanko, ga adon da aka tayar a jikin yaɓe, babu shafi ɗaya miƙaƙƙe a ciki. Nan sai hotuna da yawa. Ka zagaya ginin kana ɗauka kana matsawa taku biyu uku, kowane hoto ya maimaita kashi 70 zuwa 80 na wanda ya gabace shi, kar ka tsaya wuri ɗaya kana juyawa, kar ka taɓa zum a tsakiyar aiki. Da sassafe ko ranar da gari ya lumshe ya fi, don inuwar tsakar rana tana tafiya tana rikita manhaja. Manhajojin Meshroom da WebODM kyauta ne, Agisoft Metashape na kuɗi ne, duk zasu haɗa maka siffar ginin mai tsawo da faɗi da zurfi. Siffar nan bata san girmanta ba sai ka faɗa mata, tana buƙatar aƙalla turaku 3 da basu jeru a layi ɗaya ba, ni bana yin ƙasa da shidda, wasu a ƙasa wasu a sama jikin bango. Daga nan ka fitar da hoton da aka miƙar na sama da na kowace fuska, su ne zaka ɗora zane a kai.

In da duron ne, Phantom 4 Pro a tsayin mita 100 yana ba da kusan santimita 2.7 a fiksel, ka shimfiɗa alamomin ƙasa ka auna su kafin ya tashi. Amma dan Allah ka nemi izini tukuna, hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro suna da hannu a wannan, filin jirgin Umaru Musa Yar'adua kuma yana dab da gari. Ga halin tsaron da ake ciki, ga kuma gidajen mutane da tsakar gida a buɗe iyali na ciki. Ka fara gaida mai unguwa ka yi mashi bayani, ya haɗa ka da wanda zai zagaya da kai.

In ka gama ka aje sakamakon a GeoTIFF, ka aje fayil ɗin turakun da QGIS ke fitarwa mai ƙarewa da .points, ka kuma rubuta ɗan bayani a gefe: wace ce uwa, ranar hoton, lambar EPSG, nau'in lissafi, turaku nawa, shaidu sun goce da nawa. In maganar ta kai ga iyakar fili tsakanin mutum biyu, ko awon gwamnati ne ko awon igiya, abin da ka haɗa na nuna inda za a duba ne kawai, mai kafa bikon da sa hannu safiyo ne mai rajista da SURCON, hukumar masu safiyo ta ƙasa. Na ƙanina da muka canza ma'aunin daga 32632 zuwa 26332 layin ya sauka daga kan titi ya koma gindin katangu, shaidunshi huɗu ba wanda ya goce fiye da mita ɗaya da rabi, ranar Asabar kuma zamu je da tef mu duba kusurwar arewa da har yanzu bata gamsar da ni ba.